Tafiyata Kaduna sayen talabijin, da yadda kasuwar ta sauya hannu

Sai da rana ta ɗan ɗaga muka bar tashar Gusau, domin direbobin hanyar Funtuwa ba sa son shiga tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe da sauran duhu. Motar Sharon ce, kuɗin mota zuwa Kawo naira dubu goma sha biyu. Saƙo biyu ne ya fito da ni. Mai gidan kallon ƙwallon da nake haɗa wa kaya yana son talabijin inci 55 guda huɗu, shagona na gyara kuma yana buƙatar fitilun baya, wato masu haska gilashin talabijin daga ciki, na inci 32 da 43, waɗanda suka fi komai saurin ƙarewa. Duk ana samun wannan a Kano, amma dilan da yake ba ni kaya da katin garanti mai hatimi a Kaduna yake.

Daga Gusau zuwa Funtuwa shingayen sojoji da na 'yan sanda suna da yawa. Wanda bai ɗauko kaya ba, leƙa shi kawai ake yi a ce direba ya wuce. Daga Tsafe hira ta mutu a cikin mota, kowa ya koma addu'a, ba a sake jin muryar kowa ba sai da muka wuce Yankara da Sheme. A Funtuwa muka tsaya karin kumallo, shayi da biredi da ƙwai, dubu ɗaya da ɗari biyar. Mai shayin ya rataye inci 32 a jikin azarar rumfarsa, tana cin wuta kai tsaye daga batirin sola mai bolt 12, ba inbata a tsakani. Sunan da ke gabanta na kamfanin wayar salula ne. Shekara ashirin da suka wuce, abin da za ka tarar a irin wannan rumfa shi ne Sharp ko National mai ƙaton baya, a kan tebur, da ƙaramin janareta yana kuka a bayan rumfa.

Giwa, Shika, Samaru, Kwangila, sai muka hau babban titin Zariya zuwa Kaduna. Bayan Jaji da Mararrabar Jos da Rigachikun muka sauka Kawo ana kiran la'asar. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki wajen Unguwar Sarki, dubu goma sha biyar kwana ɗaya, da sharaɗin ana kunna janareta daga magariba zuwa sha biyun dare. Ban zauna ba, na tari Keke zuwa titin Ahmadu Bello, inda shagunan kayan lantarki suke jere har zuwa bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

Kaduna ta daɗe da sanin talabijin, tun 1962 da aka buɗe tashar talabijin ta Jihar Arewa a nan. Dattawan garin sun ga zamanin Philips da Grundig, suka ga zamanin Japan, wato National da Sony da Sharp da Toshiba da JVC, lokacin da Trinitron ta Sony ita ce abin da mai hali yake ajiyewa a falo. GoldStar ta Koriya a wancan lokaci kayan mai ƙaramin ƙarfi ce, ita ce kuma ta koma LG a 1995. Yanzu ka tsaya a ƙofar kowane shago a titin nan ka dubi kwalayen da aka jibge a waje, domin abin da aka jibge a waje shi ne abin da ke tafiya. Hisense ce ta fi yawa, sai TCL, sai tarin sunaye irin su Royal da Polystar da Nexus da Maxi da Syinix da itel da Infinix. LG na nan da ƙarfinta, amma a ciki, a jikin bango. Samsung ba ta wuce ƙwaya biyu ko uku a shago, manya. Sony kuwa sai na shiga shaguna da dama kafin na ga guda.

Alhajin da nake sayayya wurinsa ya sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa, ya ce, "Malam, in don gidan ƙwallo ne kada ka wahalar da mai kuɗin. Zo ka gani da idonka." Ya sa yaransa suka kunna inci 55 guda uku a jere, tasha ɗaya, dikoda ɗaya. Farashin da ya faɗa mini a ranar: Hisense da TCL sun ɗan haura dubu ɗari biyar, LG ta kusa dubu ɗari bakwai, Samsung ta haura haka. Daga inda mai kallo yake zama, mita uku zuwa huɗu, bambancin hoton ƙwallo bai kai bambancin kuɗin ba. Akwai dalili: dikodar da gidajen ƙwallo ke amfani da ita ba ta fitar da abin da ya wuce layi 1080, saboda haka talabijin mai 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, faɗaɗa hoton kawai take yi ta cike gurbi. Ƙwarewar manyan kamfanoni a wannan faɗaɗawar gaskiya ce, ana ganinta in an matso kusa, amma mutum ɗari da ke kan benci ba don ita suka biya kuɗin shiga ba.

Abin da ke faruwa a titin Ahmadu Bello shi ne abin da ke faruwa a duniya, sai dai a nan ya fi sauri. Samsung ta karɓe matsayi na ɗaya daga hannun Sony a 2006, kuma ta ci gaba da riƙe shi shekara da shekaru in ana lissafi da kuɗin ciniki. Alƙaluman kamfanin bincike na Omdia sun ba ta kashi 30.1 cikin ɗari a 2023, sannan kashi 28.3 a 2024, LG na bi mata da wajen kashi 16, TCL wajen 12, Hisense ta ɗan haura 10. Amma in aka ƙirga yawan akwatunan da aka fitar, labarin ya juya: a 2024 kamfanonin China uku, TCL da Hisense da Xiaomi, sun haɗa wajen kashi 31, Samsung da LG kuma wajen 28. Wato 'yan Koriya suna sayar da kaɗan masu tsada, 'yan China suna sayar da masu yawa. LG ta riƙe ɓangaren OLED, mai gilashin da ke haske da kansa, da ta fara fitarwa a 2013, Samsung ta riƙe manya masu tsada, su kuma 'yan China sun cinye ƙasan kasuwa da tsakiyarta, yanzu suna hawa sama da manyan inci 75 da 85 da 98 masu ƙananan fitilu dubbai a baya. Hisense ta san inda idon mutanenmu yake: ta ɗauki nauyin gasar Turai ta 2016 da gasar cin kofin duniya ta 2018 da ta 2022, duk yaron da ya zauna a gidan ƙwallo a Rigasa ko Tudun Wada ya karanta sunanta a gefen fili kafin ya taɓa ganin kwalinta.

A nan gida kuma naira ce ta yanke hukunci. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Talabijin kuwa duk abin da ke cikinta da dala ake sayo shi, ko da a Legas aka ɗaura ta. Mai albashin da a da yake iya sayen LG inci 43 ya koma neman inci 43 ko ta wane ce, mai haɗa kayan ɗakin amarya ya koma inci 32. Wani abin lura shi ne kamfani ɗaya, Fouani, shi ke rarraba LG da Hisense duka a Najeriya, Maxi ma tasa ce, saboda haka ko mai saye ya sauka daga wannan zuwa waccan, bai fita daga hannun mai rarrabawa ɗaya ba. Transsion kuma, mai Tecno da itel da Infinix, ta shigo da talabijin ta kan hanyar da ta riga ta shimfiɗa da wayoyi, har ƙananan garuruwan da manyan dillalai ba sa zuwa.

Ina zaune wani dattijo ya shigo da jikansa, ya ce shi Toshiba yake so, ta Japan, domin wadda ya saya tun yana aiki a masaƙa a Kakuri ta yi masa shekaru ba ta taɓa zuwa wurin mai gyara ba. Alhaji ya ce, "Baba, akwai Toshiba, amma gaskiya ba waccan ba ce." Gaskiya ya faɗa masa. Hisense ta sayi kashi 95 na sashen talabijin na Toshiba, aka kammala cinikin a 2018. Sharp ta koma hannun Foxconn ta Taiwan a 2016. Talabijin mai sunan Philips kamfanin TPV ne ke yin ta a yawancin ƙasashe. National ta zama Panasonic, kuma ta fita daga harkar filasma ta ainihi a 2014, shekarar da Samsung da LG ma suka daina. Raina ya sosu da na ga fuskar dattijon, domin amanar da ya ba sunan ta gaskiya ce, kuma da irin wannan amanar ake cin kuɗin mutane a shagunan da ba su da tsoron Allah irin na Alhaji.

Da dare na ci tuwon shinkafa miyar taushe a wani gidan abinci kusa da masallacin Sultan Bello, dubu biyu da ɗari biyar da nama biyu, na koma masauki.

Da safe na nufi Tudun Wada, wajen tsohuwar Panteka, wurin wani mai gyara da yake sayar da fitilun baya da fanel, wato allunan lantarki na cikin talabijin. A nan ne mutum yake ganin abin da ya sa kasuwa ta juya, domin a nan talabijin take a buɗe. Akwai wajen goma a kife a kan tebura, sunaye daban-daban a gaba. Ka duba takardar da ke manne a bayan gilashin ko a jikin siririn fanel ɗin da ke ƙasansa, sunaye ƙalilan ne ke ta maimaituwa: BOE, CSOT, HKC, wani lokaci Innolux ko AUO na Taiwan. Ukun farko duk na China ne, CSOT kuma ta TCL ce. Gilashi shi ne ya fi komai tsada a cikin talabijin, ya kan haura rabin kuɗin haɗa ta. Kamfanonin nan da muke jin sunansu sun zama kamar teloli masu yawa da ke sayen yadi a wurin mutum biyu ko uku: ɗinki ya bambanta, amma mai yadi ne ke yanke farashi.

Yadda aka kai ga haka lissafi ne na girman faranti. Ana yin gilashin ne a ƙaton faranti ɗaya sannan a yayyanka. Farantin masana'antar da ake kira ƙarni na 8.5 yana da milimita 2200 da 2500, yana ba da inci 32 guda 18 ko inci 55 guda 6. Na ƙarni na 10.5 yana da milimita 2940 da 3370, yana ba da inci 65 guda 8 ko inci 75 guda 6. Wannan ne ya sa inci 32 da 43 da 55 da 65 suka cika kasuwa, inci 40 da 42 da 47 na da suka yi ƙaranci: girman da ba ya barin ɓarnar gilashi shi ake yankawa. Kamfanonin China, da tallafin gwamnatocinsu, suka gina irin waɗannan manyan masana'antu a jere, farashi ya faɗi har ya zama ba riba ga 'yan Koriya. Samsung ta sayar wa CSOT masana'antarta ta Suzhou, ta daina yin gilashin LCD gaba ɗaya a 2022. LG Display ta sayar wa CSOT ɗin tata ta Guangzhou, cinikin ya kammala a 2025. Sharp ta rufe yin manyan gilasai a Sakai a 2024. Yau Samsung tana sayen gilashin yawancin talabijin ɗinta ne daga waje, har daga hannun waɗanda take gasa da su a shago.

Wannan ba ya nufin duk ɗaya suke, kuma a teburin mai gyara ake ganin inda aka rage. Wuri na farko fitilun baya. Gilashin LCD ba ya haske da kansa, layukan ƙananan fitilu ne a bayansa, kowace bolt 3 ko bolt 6, an jera su a sarƙe, in ɗaya ta ƙone sai layin duka ya mutu. Mai son rage kuɗi sai ya rage yawan fitilu ya ƙara musu ƙarfin wuta don haske ya kai, ya sa su a kan siririn faranti da ba ya janye zafi. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Gusau ko Sakkwato, da al'adarmu ta manna talabijin a bango ba iska, wasu har da lulluɓa mata ƙyalle tana aiki, sai ka ji ana cewa tana magana amma ba hoto. Gwajin mai sauƙi ne: kunna ta, ka haska tocila a kan gilashin dab da shi, in ka hango inuwar hoto, to gilashi da babban fanel lafiya suke, fitilu ne. Gyaran yana son haƙuri. A cire wuta, a buɗe baya, a zare faifan wayoyin da ke zuwa gilashi, a cire firam, a ɗaga gilashin, in inci 50 ne zuwa sama mutum biyu, ba a bari ya lanƙwasa, ba a taɓa siraran faifan da ke manne a gefensa domin in ɗaya ya tsage sai injin mannawa. A ɗebe fararen takardun da ke rarraba haske a ajiye su yadda suke a jere. A gwada kowane layi da na'urar gwajin fitila. A canza layukan duka, domin in aka canza ɗaya sauran da suka gaji tare za su biyo baya cikin watanni kaɗan. Kada a haɗa ta bolt 3 da ta bolt 6. In murfin wata fitila ya faɗo ba a mayar da shi daidai ba, za a riƙa ganin farin tabo a hoto.

Wuri na biyu fanel ɗin wuta. A manyan talabijin na da, fanel ɗin wuta daban, babban fanel daban, na sarrafa gilashi daban. A masu araha na yanzu an haɗe su a fanel ɗaya, in wuta ta yi tsalle ko aradu ta biyo wayar dish ta shiga ta ramin HDMI, duka ake canzawa. Abin da ya fi ba ni mamaki a shagon nan shi ne sauƙin samun kayan masu araha. Fanel ɗin inci 32 na gama-gari yana nan a kwali-kwali, ana sa masa manhajar da ta dace da gilashin ya tashi. Na manyan kamfanoni kuwa sai an nemo daidai lambarsa, sau da yawa daga jikin wata da gilashinta ya fashe, ko a jira saƙo daga kasuwar Alaba ta Legas. A Gusau wannan jiran yakan kai makonni. Mai gyaran ya ce mini, "Oga, mu yanzu mai saye kan tambaye mu kafin ya je shago, mu kuma abin da muke da kayansa muke faɗa masa." Wannan ma hanya ce da kasuwa take sauya hannu, ba a rubuta ta a alƙaluman kowa ba.

Wannan fanel na gama-gari shi ne kuma makamin 'yan jabu, domin ana iya sa masa kowane tambari ya nuna in an kunna. Ya nuna mini wata da aka kawo gyara, da sunan wani babban kamfani a gaba da kwali, an sayar da ita a matsayin inci 55. Muka sa tef daga kusurwa zuwa kusurwa, santimita 127, wato inci 50 ce. Ma'aunin da ya kamata mai saye ya riƙe: inci 32 santimita 81, inci 43 santimita 109, inci 55 santimita 140, inci 65 santimita 165, gilashi kaɗai ban da firam. Sannan manhaja ba ta ƙarya. Samsung mai intanet Tizen take amfani da ita, LG kuma webOS, Hisense yawanci VIDAA, TCL da Sony yawanci Google TV ko Android. Duk wadda ke ɗauke da sunan Samsung ko LG ta buɗe da Android, ka ajiye ta ka fita. Lambar da ke jikin kwali da ta bayan talabijin da wadda ke cikin saitinta dole su zama ɗaya.

Maganar manhaja ba ƙarama ba ce a wannan gasa. Tambayar farko da na ji mata da matasa suna yi a shago ita ce ko tana yin YouTube, saboda fina-finan Hausa masu dogon zango da wa'azi a can ake kallonsu. Kamfanonin sun san ribar akwati ta yi ƙaranci, sun koma neman kuɗi ta tallace-tallacen da ke cikin manhaja, shi ya sa Walmart ta Amurka ta sayi kamfanin talabijin na Vizio a kan dala biliyan 2.3 a 2024. Ga mai saye a nan, abin dubawa shi ne ƙwaƙwalwa: mai gig ɗaya na aiki da gig takwas na ajiya za ta yi nauyi bayan an sabunta manhajoji sau kaɗan. In kuɗi bai kai ba, gara mutum ya sayi mai kyakkyawan gilashi marar intanet ya haɗa mata ƙaramin akwatin Android, in ya tsufa a canza shi kaɗai.

'Yan Beljiyam ma na leƙa su, layin masu sayar da na hannu. Akwai tsofaffin filasma inci 42 da 50 masu kyan hoto da arha mai jan hankali, amma lissafin wuta ya kashe kasuwarsu. Filasma inci 42 tana cin wat 200 zuwa 300. LED inci 32 tana cin 30 zuwa 50, inci 43 wajen 60 zuwa 80, inci 55 wajen 90 zuwa 130. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, in za a ja rabinsa kawai don ya daɗe, yana ba da wat 1,200 na awa ɗaya: zai riƙe inci 32 fiye da awa ashirin, filasma kuwa awa huɗu zuwa shida. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato na unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ga tsadar fetur, mai saye a Arewa yana juya talabijin ya karanta wat kafin ya karanta suna. Kamfanonin da suka kawo masu cin wutar batir kai tsaye sun fahimci ƙauyukanmu fiye da waɗanda suka fi su suna.

Na sayi fitilu saiti goma na inci 32 da shida na inci 43, kowane saiti na gwada shi a gabansa, na koma wurin Alhaji bayan azahar. Don gidan ƙwallo abin da na fi dubawa shi ne gefe. Gilashi iri biyu ne a kasuwa: VA yana da baƙi mai zurfi in kana tsakiya, amma launi yana kodewa in ka koma gefe, IPS, da danginsa ADS na BOE, baƙinsa bai kai ba amma yana riƙe launi ga na gefe. A ɗaki mai faɗi da benci har jikin bango, na biyun ya fi. Ba a rubuta wannan a kwali, kuma kamfani ɗaya yana iya sa wannan a wani samfurin ya sa wancan a wani, saboda haka na tsaya a gefen kowace na duba fuskar mutum a hoto. Na zaɓi guda huɗu daga masu matsakaicin kuɗi, rarar kuma ta tafi ga abin da zai tsare su: sitabilaiza mai wat 5,000 da abin kare tsallen wuta ga kowace.

Kafin na biya aka buɗe kowane kwali. Na sa filashi mai hotuna biyar, fari da baƙi da ja da kore da shuɗi, zalla. Fari yana tona tabon fitila da duhun kusurwa, baƙi yana tona ɗigo mai haske da yoyon haske a gefe, sauran ukun suna tona mataccen ɗigo. Na gwada kowane ramin HDMI da dikoda, na sa eriya na tabbatar tana kama tashoshin dijital na DVB-T2, na bar kowace tana aiki rabin awa, domin layin da ke fitowa a gilashi sau da yawa sai ta yi ɗumi. Katin garanti aka rubuta lambar kowace aka buga hatimi. Garantin ba ya ɗaukar fashewar gilashi, yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar wuta ko aradu, kuma yana mutuwa in wani ya riga ya buɗe ta.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Inci 55 ba a kwantar da ita, domin gilashin siriri ne, in mota ta faɗa rami nauyinsa da kansa yana iya tsaga shi ba tare da kwalin ya nuna komai ba. Washegari da safe a Kawo 'yan kamasho suka so ɗora su a saman mota a kwance, na ƙi. Na sayi kujerun baya duka, aka naɗe su, aka jera kwalayen a tsaye, gilashi na fuskantar gilashi, da katifa a tsakani da igiya mai laushi, tsawonsu yana bin tsawon mota don birki kada ya tura su ta fuska. Wannan ya ci dubu arba'in da takwas, ban da dubu uku na 'yan dako. A shingen kwastan bayan Zariya aka sauke mu, aka nemi takarda. Rasit mai sunan shago da adireshi da lambar kowace talabijin shi ya sallame mu cikin mintuna. Wani fasinja a motar da ke gabanmu, mai kwali biyu ba rasit, mun bar shi a wurin yana ta kiran waya. Direba ya matsa don mu wuce Yankara da Tsafe da sauran rana, muka shiga Gusau kafin magariba.

Washegari aka ɗaura su, kowace da tazarar santimita goma daga bango, nesa da kwanon rufi, wayar dish kuma aka sa mata waya zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa saboda aradu. Na fitar da kowace daga yanayin shago zuwa na gida, na sauke hasken baya daga 100 zuwa 60, wanda a ɗaki mai duhu ya wadatar kuma yana rage wa fitilun zafi sosai. Lambar samfurin kowace da lambar fanel ɗinta, wadda ake hangowa da tocila ta ramukan iska na baya, na rubuta su a littafin shago na aika wa mai gyaran Tudun Wada, domin ya ajiye mini saitin fitilunsu tun suna kasuwa.